Takalmin Mutumin Kirki

Shekara arba'in da ɗaya Baduku ya yi a shagonsa na ƙarƙashin matakalar bene, bai taɓa ba kowa takarda ba. Ka kawo takalminka, ya karɓa, ya juya ya dubi tafinsa, ya ce ka dawo Laraba. In ka dawo ba fuskarka zai duba ba. Ƙafarka zai kalla tun daga bakin ƙofa, ya miƙa hannu baya ko waiwaye babu, ya sauko maka da naka. A duk shekarun nan bai taɓa ba wani takalmin wani ba. Da wannan yake taƙama, don ba shi da mota, ba shi da gida na biyu, karatunsa kuma aji uku ne.

Mutane ba sa burge shi. Ya san su ta ƙasa. Mai jan ƙafa malalaci ne. Mai cinye gaban takalmi a kan yatsu yake tafiya, akwai abin da yake ɓoyewa. Wanda kuwa zai take bayan takalmi mai kyau ya mayar da shi silifas, ko gaisuwarsa da ƙyar Baduku yake amsawa.

Wata safiya basilla ta suɓuce daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, shagon ya juya masa, kantar jera takalma ta koma ƙasa, benci ya hau sama. Da ya dawo daidai bai gaya wa kowa ba. Amma mai askin da ke maƙwabtaka da shi ya gani, shi kuwa mai aski cikinsa ba ya riƙe magana. Kafin la'asar matarsa ta ji, 'yarsa Auta ta ji. Washegari suka tasa shi gaba sai asibiti. Likitan, wanda a haife Baduku ya haife shi, ya ɗaura masa abu a dantse, ya dubi allura, ya girgiza kai. Ya ce jininsa ya hau sosai, in bai kiyaye ba zai iya faɗuwa kowane lokaci.

"Kowa ma zai iya faɗuwa," in ji Baduku. "Har kai."

Bayan kwana biyu sai ga mijin Auta a shago, da jakar takardu a hammata. Ma'aikacin ofis ne, irin waɗanda ake turawa taron bita su dawo da biro da sabuwar kalma. Hannunsa laushi kamar na jinjiri. Baduku bai taɓa gaya masa baƙar magana ba, suruki suruki ne, amma tun ranar da ya fara ganin tafiyarsa ya gama da shi. Takunsa ba nauyi. Takalminsa shekara biyu bai ci ko'ina ba, kamar mai shi bai taɓa zuwa wurin da ya dame shi ba.

"Baba, barka da aiki. Ya ƙarfin jiki?"

"Ƙalau."

"Na zo da wata 'yar takarda ce. Shirin ko-ta-kwana ake ce masa. Mun yi bita a kai."

"Wa ya kwana?"

"A'a Baba, wato idan wani abu ya faru da mai sana'a ba zato, kada sana'ar ta tsaya cik." Ya buɗe jakar. "Na farko, makulli na biyu. Wa ke da shi?"

"Ba shi."

"Na biyu, jakar asibiti a shirye, da kaya da takardar magani. Na uku, wa zai buɗe shago. Na huɗu, kowane takalmi a manna masa lamba, mai shi ya riƙe irinta."

Baduku ya ci gaba da shafa gam. "Lamba ta fursuna ce. Ni mutane nake wa aiki."

Mijin Auta bai yi fushi ba, wannan ma yana cikin abin da ke ƙona wa Baduku rai game da shi. Ya miƙe ya je gaban kanta, ya ɗauko baƙin sau-ciki ɗaya daga cikin goma sha da suke jere, duk baƙaƙe, duk kama ɗaya.

"Baba, a yi haƙuri. In gobe ba ka nan, wa ya san na wane ne wannan?"

"Ajiye shi inda ka gan shi."

Ya ajiye. Ya cire nasa jajaye daga leda ya ce a duba masa ɗinki, ya bar takardar a kan benci, ya yi sallama. Baduku ya ɗauki takardar ya goge buroshin gam da ita.

Amma maganar ta zauna masa. Ya ɗaga kai ya ƙirga: ƙafa sittin da huɗu, kayan mutane, amana. In ya faɗi yau, gobe a zo ana wawaso, mai ƙaramar ƙafa ya tafi da babban takalmi, a ce ai dama tsohon nan shirme yake yi. Sunan da ya gina shekara arba'in da ɗaya ya tafi a yini ɗaya. Wannan ya fi faɗuwar tsorata shi.

Sai ya shirya, amma yadda ya ga dama. Ya je aka yanka masa makulli na biyu, ya kawo wa matarsa, ta ƙulle a bakin zane. Ya sa riga biyu da wando da takardar likita a tsohuwar jaka ya tura ƙarƙashin gado. Lamba kuwa ya rantse ba zai manna ba. Ya sayo alli, ya ce suna zai rubuta a tafin kowane takalmi.

Ya ɗauko na farko, ya ɗora alli, ya tsaya. Matar nan shekara goma sha biyu tana zuwa. Mene ne sunanta? Bai sani ba. Ya ɗauko na biyu, na uku. Ashe duk layin nan ba mutum ɗaya da Baduku ya san sunansa na yanka. Bai taɓa tambaya ba, don bai ga amfanin sani ba. Abin da yake kiransu da shi a ransa, da wanda yake ba matarsa labarinsu da shi in suna cin abinci, shi kaɗai ya sani. To, ai matarsa ce mai makulli, ita kuwa ta san kowa da wannan sunan. Shi ke nan.

Ya fara rubutawa da manyan baƙaƙensa karkatattu. AGWAGWA, ita ce mai shagon ɗinki da ke watsa ƙafa waje. TULU, direban nan mai tumbi. JAN GINDI. KASA KUNNE. MIJIN TA CE. SAURIN BANZA. Ya ɗauko wani baƙin sau-ciki lamba arba'in da huɗu, gabansa ya cinye tas, bayansa kamar sabo. Na dillalin gidaje ne, mai agogon zinare da turare mai hawa kai. Ya rubuta ƁERA. Ya ɗauko jajayen surukinsa, ya ɗan yi jim, ya dubi ƙofa, ya rubuta FANKO.

Na ƙarshe a ƙunshe yake cikin tsumma mai tsabta. Na mai sharar layin ne. Mutumin kullum da sassafe yake bi da tsintsiya da baro, in ya zo ƙofar shago sai ya yayyafa ruwa tukuna, don kada ƙura ta hau gam. Ba wanda ya sa shi. Bai taɓa tsayawa jiran a gode masa ba. Sau-cikin nan baƙi, lamba arba'in da biyu, shi ke nan takalminsa na fita, ya kai shekara ashirin. Ya kawo a sake masa tafi, don ranar Asabar ta sama 'yarsa za ta karɓi shaidar gama makarantar koyon jinya, an ce iyaye su zo su zauna a gaba. Baduku ya sa masa fata mafi kyau da ke shagon, ya goge shi har yana ɗaukar ido. Tsohon tafin da ya cire yana nan bai yar ba. Dama da hagu sun ci daidai wa daida, ba karkata ko kaɗan. Sau uku kacal ya ga irin haka a rayuwarsa.

Ya nemi sunan raini ya rasa. Ya rubuta MUTUMIN KIRKI, ya mayar kan kanta.

Ranar Talata da hantsi, yana tsakiyar buga ƙusa, guduma ta yi nauyi, hannun ya ƙi tashi. Ya buɗe baki zai kira mai aski, abin da ya fito ba magana ba ce.

A gadon asibiti ya farka. Bakinsa ya karkace, hannun dama yana kwance gefensa kamar na aro. Matarsa na zaune kan kujerar roba, tsohuwar jakar nan a ƙafarta. Jakar dai ta yi amfani. Kwana uku harshensa bai bi umarni ba. A na huɗu ya tattara ƙarfinsa duka ya ce, "Ma…kulli."

"Kwantar da hankalinka, Malam. Shago a buɗe yake."

Ya zuba mata ido.

"Na ba mijin Auta. Hutu ya ɗauka a ofis saboda kai, yaron kirki. To da wa kake so ya zauna da kai a nan? In bar ka kwance in tafi rabon takalma?"

Baduku ya rufe ido. Ya shirya komai, ya manta abu ɗaya da ko jaki zai tuna: wadda ya ba makulli ita ce wadda ba za ta iya barin gefen gadonsa ba. Yanzu ga Fanko can a shagonsa, da alli a gabansa.

Kwana tara aka sallame shi, ranar Alhamis. Ƙafa ta dawo da taimakon sanda, magana tana fita a ja a ja, hannun dama kuwa shiru. Da motar haya ta ɗauko hanyar gida ya bugi kujerar direba da sanda. Matarsa ta yi magiya, Auta ta yi kuka. Ya ce, "Shago." Shagon aka kai shi.

Mai aski ne ya fara tarbarsa, da almakashi a hannu, yana dariya har da riƙe ciki.

"Tsoho mai ran ƙarfe! Sannu da dawowa. Kai, ka kashe mu a layin nan. Wallahi ban taɓa cin dariya irin ta makon nan ba. Ashe ni ne Kasa Kunne?"

"Ka… musa?"

"Ina fa! Ina gani na ɗauki abina."

Aka zaunar da shi a kujerarsa. An share shagon, an jera gwangwanayen gam bisa tsawo, abin da ba shi da amfanin komai. Kanta ta kusa zama wayam. Mijin Auta na tsaye da riga mai dogon hannu ya naɗe ta zuwa gwiwar hannu, kamar wanda ya yi wani aiki.

"Sannu Baba. Allah ya ƙara sauƙi. Komai ya tafi daidai. Da na ga ban san kowa ba, sai na kife su duka a kan benci, tafi a sama, na ce kowa ya zo ya duba sunansa."

"A gaban… mutane?"

"To ya zan yi, Baba?"

Mai aski ya karɓe zancen daga bakin ƙofa. Ya ce mai ɗinki ta zo ta karanta Agwagwa, ta ce wane marar mutunci ne ya rubuta wannan, ta zagi shagon da mai shagon, sannan ta ɗauki takalmin ta fita tana watsa ƙafa, layi duka ya kwashe da dariya. Direba ya ce shi ba tulu ba ne, cikinsa na gado ne. Mijin Ta Ce kuwa matarsa ce ta zo ta ɗaukar masa, ba ta ko yi tambaya ba.

Baduku bai yi dariya ba. Kunya ma bai ji ba. Duk wanda ya ɗauki nasa ai ya sa hannu ke nan a kan gaskiya. Idonsa na kan kanta yana ƙirga. Ƙafa biyu suka rage: jajayen surukinsa, da baƙi ɗaya. Tsumman nan mai tsabta yana ninke a gefe, ba komai a ciki.

"Miƙo… wancan."

Aka miƙo baƙin. Ya juya shi da hannun hagu. ƁERA.

"Na cikin tsumma fa?"

"Au, na Mutumin Kirki? Baba, wannan shi ya fi ba ni wahala. Mutum bakwai suka ce nasu ne."

"Bakwai."

"Har da su Tulu, kafin su haƙura su ɗauki nasu. Saura kaɗan a yi dambe. Sai na duba na ga wanda ya fi kama da sunan, na ba shi."

"Ƙafarsa… yaya take?"

"Wani babban mutum ne, Baba, mai fara'a, da agogo…"

"Ƙafa na tambaye ka."

Mijin Auta bai duba ba. An kai shi makaranta shekara goma sha shida, ya zauna a shagon takalmi kwana tara, bai dubi ƙafar mutum ko ɗaya ba. An ba wani takalmin wani a shagon Baduku. Sau ɗaya ke nan a shekara arba'in da ɗaya, kuma a kan takalmin da ya fi kowanne. Jibi Asabar.

Ana cikin haka aka ji ƙarar baro ta tsaya a waje. Mai shara ya jingine tsintsiyarsa, ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba, don ƙafarsa da ƙura.

"Sannu Baba. An ce an sallamo ka. Allah ya sa kaffara ne."

"Ka zo… karɓa?"

"Na zo ranar Litinin. Na tarar ana ta hayaniya a kan wani, kamar nawa. Sai na ji an karanta abin da ke jiki." Ya yi murmushi yana kallon ƙasa. "Na ce to ba nawa ba ne, kama ce. Na duba sauran ban ga nawa ba. Na ce bari Baba ya warke tukuna. Ba komai, in bai samu ba zan wanke wannan in je da shi. A baya ma zan iya zama."

Baduku ya dubi silifas ɗin roba da ke ƙafarsa, an ɗaure igiyar ɗaya da waya. Ya dubi surukinsa. Mijin Auta ya sunkuyar da kai, kunnuwansa kamar za su kama wuta.

"Gobe… da la'asar," in ji Baduku. "Ka zo."

Ya sa aka fitar masa da kujera bakin ƙofa, aka ajiye takalmin Ɓera a gefensa. Matarsa ta ce likita ya ce ya kwanta. Ya ce likita ya zo ya kwantar da shi. Ya san dillalin gidaje kullum bayan azahar yake bi ta layin zuwa rumfar da suke zama su jira masu neman haya. Ya ɗora haɓa a kan sanda yana kallon ƙafafun masu wucewa. Wasu suka gaishe shi, wasu suka ɗauke kai. Mai ɗinki ta leƙo daga shagonta ta yi tsaki. Bai kula ba.

Tun daga nesa ya hango shi. Takalmin na sheƙi, amma tafiyar ta lalace, tafi na bugun dunduniya, faɗap, faɗap. Ƙafa arba'in da huɗu ba ta shiga arba'in da biyu. Mutumin ya take bayan takalmin ya kwantar da shi, dunduniyarsa mai faso tana leƙe a waje.

Dillali ya hango shi, ya ɗauko waya ya kara a kunne, ya tsallaka ɗaya gefen titi.

Baduku ya ja numfashi. Kalmar gajeriya ce, harshensa ya iya ta.

"Ɓera!"

Mutane da yawa ne a titin. Mutum ɗaya ne ya waiwayo.

Mai aski ya saki kan da yake yi ya fito, mai kan ma ya biyo shi da tawul a wuya. Dillali ya ga an zuba masa ido, sai ya tsallako yana washe baki.

"A'a, Baba ne? Sannu, sannu. Wallahi ina ta cewa zan je dubiya, ayyuka ne suka…"

"Cire."

"Me zan cire?"

Baduku ya nuna da sanda.

"Haba Baba, ciwo ya taɓa ka ne? Nawa ne wannan. Ga yaronka nan, shi ya ba ni da hannunsa, da sunana a jiki."

"Sunanka."

"Ƙwarai. Kowa ya san ni a layin nan."

"Shi ya sa," in ji mai aski. Aka yi dariya.

"In naka ne," Baduku ya ce, kalma ɗaya bayan ɗaya, "tayar da bayan. Sa ƙafar… duka."

Dillali ya dubi jama'a. Ya sunkuya ya sa yatsa ya tayar da bayan takalmin, ya tura, ya murɗa, ya yi nishi. Jijiyar wuyansa ta fito. Dunduniyar ta ƙi. Ya ce ƙafarsa ce ta kumbura saboda zafi. Baduku ya sa sanda ya turo masa nasa, ɗaya ya kife, farin alli ya fito ɓaro-ɓaro. Wani ya karanta da ƙarfi don amfanin waɗanda ke baya.

Dillali ya cire. Ya zura nasa, suka shige sumul kamar an zuba shi a ciki. Ya ce shi da shagon nan har abada, kuma sai ya yi ƙarar tsohon banza da ke zagin mutane da alli. Ya tafi a kan yatsunsa.

Mijin Auta ya ɗauko takalman ya kawo. Baduku ya duba. Bayan ya karye, fatar ciki ta tsage, ɗinkin ya buɗe a duka biyun. Aikin awa biyu ne ga mai hannu biyu. Ya dubi hannunsa na dama da ke kwance a cinya. Ya umarce shi ya motsa. Ko yatsa.

Akwai wani mai gyaran takalmi a bayan tasha, amma wannan gam yake zubawa ya buga ƙusa ya ce an gama. Gara a jefa takalmin a kwata. Matarsa idonta ba ya ganin ramin allura. Auta na da goyo. Baduku ya daɗe yana kallon titi, sannan ya juyo, ba da son ransa ba.

"Gobe. Ƙarfe bakwai. Ka sa… tsohuwar riga."

"Ni, Baba?"

"Akwai wani?"

Ranar Juma'a Baduku ya ga abin da bai taɓa zaton zai gani ba, basillarsa a hannun ɗan ofis. Riƙon biro ya yi mata. Baduku ya ƙwanƙwasa masa sanda a gwiwa, ya gyara. Ya yanka sabuwar fata a karkace, aka yar, ya sake, aka yar. Ta huɗu ce ta yi dama-dama. Ya shafa gam kamar mai shafa wa burodi bota.

"Kaɗan! Ba… ci za a yi ba."

"To Baba."

"Jira ya sha iska. Me kake sauri? Taron bita?"

Wajen ɗinki basilla ta zame ta shige masa babban yatsa. Jini ya fito. Baduku ya jira ya ji ihu, ko a ce bari a je kemis. Mijin Auta ya tsotse yatsan, ya yagi ƙyalle ya ɗaure, ya ɗauki basillar. Sau uku Baduku yana sa shi ya warware ɗinki don tazarar ba ta yi daidai ba, sau uku yana warwarewa. Aikin awa biyu ya ci yini guda. Ɗinkin da ya fito ba na Baduku ba ne, ko makaho ya shafa zai gane. Amma zai riƙe. Baduku da kansa ya matse takalmin tsakanin gwiwoyinsa ya goge da hannun hagu, don wannan dai ba zai bar wa kowa ba.

Da la'asar mai shara ya zo, ya wanke ƙafa. Ya zauna a benci ya sa. Ya miƙe ya taka zuwa ƙofa ya dawo, dama da hagu daidai.

"Kamar sabo, Baba. Allah ya saka." Ya dubi takalmin. "Wai da gaske nawa ne aka rubuta wa abin nan?"

"Alli ne… ya rage. Je ka. A gaba za ka zauna."

Mai shara ya cire ya naɗe su a tsummansa, ya rungume a ƙirji ya fita.

Mijin Auta ya share ɓarɓashin fata, ya rufe gwangwanin gam. Sannan ya jawo jakar takardunsa ya fito da wani ɗan littafi na tikiti, kowane shafi da lamba biyu iri ɗaya. Ya ajiye a kan benci. Baduku ya kalli littafin kamar mai kallon kashin kaza a tabarma. Bai ture shi ba.

"Makullin," ya ce. "Riƙe. A yanka… na uku, a ba mai aski. Kunne gare shi, ba hannu ba."

"To Baba."

"Wancan fa?" Ya nuna jajayen da suka rage su kaɗai a kanta. "Kwana tara. Ba ka… ɗauka ba."

"Na duba, Baba. Ban ga sunana ba."

Ya faɗa da ladabi, idonsa a ƙasa, yatsansa ɗaure da ƙyalle mai jini. Baduku ya dube shi, wannan karon a fuska.

"Kawo. Da alli."

Ya kife takalmin a cinya. Rubutu da hagu wahala ne, allin ya karye sau biyu. Bai goge komai ba. Kalma ɗaya ya ƙara a sama, ya miƙa masa.

Mijin Auta ya karanta: RABIN FANKO. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya sa su a leda, ya kama surukinsa ta hammata ya tayar da shi, ya kulle shagon.